Sirdin Keken Kyari

A garin nan namu na Diffa ɓatan mutum iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗauka, akwai wanda ya tafi. Wanda 'yan bindigar tsallaken kogi suka ɗauka da ƙarfi, gidansu ake zuwa jaje, a kai wa uwarsa ɗan gero, liman ya sa shi a addu'a ran Juma'a. Wanda ya tafi wurinsu da ƙafarsa kuwa, gidansu ko wuta ba a ɗiba. Za a kira ubansa a yi masa tambayoyi, a sallame shi, a sake kiransa. Mai lambu zai karɓe filinsa, mata su janye bokitansu in uwarsa ta zo famfo. Duka biyun ba a ganin gawa, ba a ganin mai rai, abin da mutane suka yarda da shi ne kawai ke raba su.

Kyari ɗan Baba Grema yana cikin waɗanda aka ɗauka. Haka unguwarsu ta sani, haka ake faɗa har yau. Mu biyu ne muka san ba haka ba ne, ni da tsohon, kuma keke ne ya tona mana. Sunayen nan ma ba nasu ba ne, kada wani ya wahalar da kansa da bincike.

Ni sunana Alasan. Daga Damagaram na zo shekara ashirin da wani abu da suka wuce, kanikancin moto, wato babur, ya kawo ni, na kuwa ci abinci da shi har na ajiye tumbi. Shekarar da hukuma ta hana hawan moto saboda masu kai hari da shi, rana ɗaya aka mayar da ni mai facin keke, da furfurata da komai. Na yi fushi, na yi zage-zagena a cikin ɗaki inda ba mai ji, sannan na kafa rumfa a gindin dogon yaro, bakin hanyar da ke gangarawa lambunan bakin kogin Kumadugu. Tun da abin ya zama dole, na ce to zan yi shi yadda ba wanda ya taɓa yi a garin nan.

Mutanenmu ba su san keke kamar takalmi yake ba. Mutum zai sayo a kasuwa, yadda ya same shi haka zai haye. Gajere na lilo a kan sirdin dogo, dogo na dukan haɓarsa da gwiwa, in ƙugu ya riƙe a ce sammu ne. Ni ba keken da ke barin rumfata sai mai shi ya hau na gani da idona. Zai zauna ya ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa, in ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsawon sirdi ya yi. Zai sauke ƙafa in ga yatsunsa sun taɓa ƙasa. Zai kama birki in ga ko hannunsa na kaiwa. A kan kwalta wannan jin daɗi ne kawai, amma a hanyarmu ta lambu maganar rai ce, don yashi kan kame taya ba sallama, ga buhun tattasai a baya. Wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa a wannan lokaci, shi da buhun da keken tare za su kwanta. Matasa suka sa mini suna Telan Keke don tsokana, ni kuwa sunan ya yi mini daɗi.

Su Kyari mutanen Baruwa ne, sun gudo shekarar da aka watsa garin, suka kafa bukkokin zana a bayan gari tare da sauran 'yan gudun hijira. Wani mai lambu ya ba su fili a bakin kogi suna noma tattasai, in an tsinka a raba. Kafin nan Kyari ɗan kabu-kabu ne, mai ɗaukar mutane a moto, don haka dokar da ta karya ni ita ta karya shi. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyar, marar yawan magana, dogo kamar giginya. Ubansa kuwa gajere ne, kansa bai wuce kafaɗar ɗan ba, tsawon daga wajen uwa ya zo, Ya Kaltum. Ranar da Kyari ya sayi keke sai da na sauya masa ƙarfen sirdi da wani mai tsawo kafin ƙafafunsa su miƙe. Daga nesa ake gane keken nan, sirdinsa a sama kamar wuyan raƙumi, ba mai aronsa don ba mai iya hawa. Baba Grema a ƙasa yake zuwa lambu, sai ranar da gwiwa ta matsa masa ɗan ya ɗora shi a baya.

Wata ranar Litinin, bayan an gama tsinkar tattasai ruwan kogi ya janye har ana tsallakawa da ƙafa, Kyari ya zo da hantsi ya jingina keken a jikin bishiya.

"Baba Alasan, sirdin nan nike so ka sauke."

"Mi ya faru? Ƙafafun sun fara komawa ciki?"

Bai yi dariya ba. Ya ce tsohonsa yake so a gyara wa, gwiwarsa ta ƙi, tafiyar ƙasa ta fara fin ƙarfinsa.

Na ce, "To shi zo shi hau. Ka san ba ni awon mutum a bayan idonshi."

"Ba zai zo ba. In na gaya mashi cewa zai yi in bar abina."

Sai ya buɗe leda ya fito da wani tsohon wando. Wandon ubansa ne ya ɗauko daga kan igiyar shanya. Na yi dariya har da riƙe ciki, na tambaye shi ko wandon ne zai tuƙa. Amma abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. A zamanin da 'ya'ya ke sayar da akuyar uwa su sayi tarho, ga wani yana tunanin gwiwar ubansa. Na shimfiɗa wandon a kan benci, na auna daga hantsa zuwa bakin ƙafa da igiya, na ƙara tsawon idon sawu, na haɗa da abin da na sani na tsayin tsohon. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Na karya dokata da hannuna, karo na farko.

Na sauke sirdi, na ɗago kan keken don kada tsoho ya riƙa duƙawa. Ina cikin ɗaurewa Kyari ya ce in duba birki. Yatsu biyu na hannun hagun ubansa ba sa lanƙwasuwa tun da igiyar saniya ta taɓa fizge su, in hannun birki ya yi nisa ba zai kai ba. Na lanƙwaso na dama kaɗan, na hagu na lanƙwaso shi sosai har ya kusa taɓa mariƙi, na sa sababbin robobi.

Da zai tafi ya tsaya yana shafa sirdin.

"Baba, in keke zai daɗe ba a hau ba, ƙaƙa ake aje shi kar shi lalace?"

Ni kuwa da son a tambaye ni, na gyara tsayuwa na zuba masa karatu. A jiƙa tsumma da baƙin mai a naɗe sarƙa. A rufe sirdi da buhu saboda rana. A ɗora shi a kan itace kada taya ta zauna a ƙasa, a lulluɓe. Ya ce to, ya biya ni, ya yi godiya fiye da yadda aikin ya cancanta. Na bi shi da kallo yana tuƙawa gwiwoyinsa na neman kunnuwansa, na ɗaga murya na ce ya yi kama da fara a kan tsinke. Ita ce maganata ta ƙarshe da shi, kuma har yau tana ƙona mini rai.

Ran Laraba labari ya iso cewa an shigo lambunan bakin kogi, an kwashe injin ban-ruwa biyu, an tafi da samari uku. Kyari na cikinsu. Tun ran Litinin ɗin yana can, ya aika gida cewa zai kwana biyu yana gadin sauran busasshen tattasai. Sojoji suka rufe yankin gaba ɗaya, ba shiga ba fita. Na je jaje kamar kowa. Na tarar da Ya Kaltum zaune a ƙofar bukka idanunta sun kumbura, mata kewaye da ita, Baba Grema na karɓar hannun mutane yana cewa sai haƙuri. Ina zaune a kan tabarma tambayar nan ta ajiyar keke ta faɗo mini a rai. Na kori tunanin, na ce sharrin Shaiɗan ne, na shafa fatiha na tashi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wata biyar aka yi kafin a buɗe lambuna, lokacin damina ta sauka ruwa ya dawo kogi, ana shirin dashe. Rana ta biyu da buɗewa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na hango Baba Grema yana hawowa daga gangare yana tura keke. Tayoyin duka a sace. Sarƙa a naɗe da tsumman baƙin mai. Sirdi a rufe da buhu, an ɗaure da igiya ɗauri mai kyau, irin na wanda ba ya sauri. Duk karatuna ga shi nan, ba a bar ko harafi ba.

Ya yi sallama da Hausarsa ta Barebari, na amsa, na jawo masa benci. Bai zauna ba. Ya kwance buhun da kansa.

"Malam Alasan, keken yaron ne. A bukkar lambu na ishe shi, ƙarƙashin kara. Ya yi mani tsawo. Ka sauke mani sirdin."

Yana faɗar haka sirdin na daidai ƙugunsa. Ni na gani, shi ma yana gani. Na dubi fuskarsa na ga roƙo ne yake yi, so yake in taya shi ƙarya, ko ta rabin sa'a ce. Na ce to Baba. Na ɗauko kile, wato sifana, na kwance noti, na bubbuga ƙarfen, na juya sirdin hagu da dama ina nishi kamar mai aikin gaske, na mayar da shi daidai inda yake na ɗaure. Na ba tayoyi iska, na warware tsumman sarƙa. Na ja lokaci iya iyawata, amma aiki ya ƙare.

"Hau mu gani, Baba."

Na riƙe masa ya hau. Ya ɗora dunduniya a feda, ƙafa ta miƙe, ƙugu bai motsa ba. Ya sauke ƙafa, yatsu suka taɓa ƙasa. Bayansa bai duƙa ba. A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa dacewa da awo kamar wannan ba, kuma ban taɓa baƙin ciki da iyawata ba sai ranar. Na fara cewa ka gani, yanzu na daidaita maka, sai ya kai hannu kan birki.

Na dama ya kama lafiya. Ya kai hannun hagu, mai sandararrun yatsu, birkin ya shigo cikin hannunsa kamar an zuba shi a ciki. Ya matsa ya saki. Ya sake matsawa ya saki. Shi kuwa yana tsaye a kaina tun ɗazu, ya san ban taɓa birki ba.

Ya sauka a hankali ya zauna a kan bencin.

"Tun daga lambu nike gaya ma kaina wani ne ya tsinci keken ya hau, wani gajere, shi ya sauke sirdin. Amma ɓarawo bai san hannuna ba." Ya ɗago ya dube ni. "Yaushe ya kawo maka?"

Ina iya cewa na manta. Ina iya cewa tun da daɗewa ne. Amma mutumin da ya turo keke marar iska tun daga bakin kogi a kan gwiwa marar lafiya don ya ji magana ɗaya, ban ga yadda zan yi masa wasa da hankali ba.

"Kwana biyu kahin abin, Baba."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce gwiwarka ta ƙi."

Amalanken shanu ya wuce da buhunan taki, mai shi ya gaishe mu, ni kaɗai na amsa. Tsohon bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna yana murza yatsun nan biyu da ɗayan hannun.

"Ya yi tunanin gwiwata," in ji shi. "Bai yi tunanin inda zan sa huskata ba."

Na ce Allah ya shirye shi, ya dawo da shi. Bai ce amin ba. Ya miƙe ya dafa sirdin.

"Maida shi sama. Inda yake da."

Na zaci ban ji daidai ba. Na ce, Baba, ba ka da bukatar wannan. Ka hau abinka ka tafi gida, duk wanda ya tambaya ka ce Alasan ne ya sauke yau, ni kuma in shaida.

Ya girgiza kai. Ya ce yana fitowa daga lambu ya haɗu da Malam Alkali, maƙwabcinsu a bukkoki. Na san mutumin. Ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da in suka ga abu ba sa iya kwana da shi. Alkali ya tsaya ya ƙare wa keken kallo, ya ce wannan ba keken dogon ba ne, yaya na ga kamar ya gajarta? Baba Grema ya ce masa rashin iska ne da buhun da ke kai.

"Ya gan shi tun ban iso wurinka ba. In na koma da shi ƙasa na ce yau ka sauke, zai zamna shi yi lissahi. In ya gan shi sama, cewa zai yi idonshi ne."

Na ce to, a ɗaga yau, bayan sati ɗaya ka dawo da shi a gaban jama'a in sauke. Ya ce to, mu gani. Daga yadda ya faɗa na san ba zai dawo ba.

Nan fa raina ya ɓaci, na ɗaga murya a kan dattijon da ya girme ni. Na ce wannan sirdin in ya koma sama ƙafarka ba ta kai feda sai da lilo, balle ƙasa. Hanyar nan yashi ce. Kai ba yaro ba ne da za ka faɗi ka tashi ka kakkaɓe. Ni ban taɓa sakin mutum a kan keken da zai kashe shi ba, ba kuma zan fara da kai ba.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam Alasan, uwarshi kullum tana aje mashi tuwo. In magana ta hita, hilin nan za a amshe, kuma ita ba ta ƙara ɗaga kai cikin mata. Ni na ji, ya isa. Kuma in gaya maka gaskiya, ko ba Alkali ba ni iya zama a kanshi haka. Sallama ce ya yi mani. In na hau na ji daɗi, na amsa ke nan."

Na ɗauki kile na kwance notin, na jawo ƙarfen sama har inda ƙafafun Kyari suke kaiwa. Na sauke kan keken. Na so in bar birkin yadda yake, don ko shi ya tsira da shi, ya ce a'a, har shi. Na miƙar da shi da hannuna ina ji kamar yatsuna nake karyawa. Ya tura keken zuwa wani kututture, ya taka ya haye. Ya tafi ƙugunsa na faɗawa dama yana faɗawa hagu, kan keken na rawa, har ya sha kwana.

Daga ranar kullum sai ya wuce ta gabana, da safe ya gangara, da la'asar ya hawo. Ya koyi dabarunsa. In zai tsaya sai ya nemi tudu ko dutse, in babu ya zamo daga kan sirdi ya dira. Sau biyu na ga gwiwar wandonsa a yage. Kullum sai na tare shi.

"Baba, sati ya cika. Kawo in sauke."

"Gobe, Malam Alasan."

Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce zan bi shi gida in sauke da ƙarfi. Ya ce in na yi haka kada in zo jana'izarsa. A unguwarsu kuwa abin ya zama abin yabo. Ana cewa dubi bawan Allah, ya ƙi taɓa sirdin ɗansa, yana jiran ya dawo ya tarar da abinsa yadda ya bari. Mata har hawaye suke yi in ya wuce. Ni kuwa in na ji wannan magana sai in ji kamar in jefa guduma a rijiya in bi ta.

Wata huɗu ya yi a haka. Da aka fara tsinkar fari, ya ɗauro buhu guda a baya, a gangaren da ke kusa da mashayar shanu yashi ya kame tayar gaba. Ya nemi ƙasa da ƙafa, ƙasa ta yi nisa. Masu amalanke ne suka tsince shi, keken da buhun a kansa. Ƙashin ƙugu ne ya karye. A asibiti aka ce a shekarunsa sai dai a kai shi gida a yi ta addu'a.

Kwana uku ina ɗaura niyya ina kwancewa kafin in je duba shi. Na tarar da bukkar cike, maza a ciki, mata a bakin ƙofa. Yana kwance a kan tabarma an tokare shi da tsummoki, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Ya Kaltum ta kawo mini ruwa a kwanon sha ta ajiye a gabana. Keken na jingine a jikin zana, kansa a karkace, sirdin na sama.

Aka gaisa, aka yi addu'a. Sai Malam Alkali ya gyara zama. Ya dubi keken ya dube ni.

"Yawwa, ga mai sana'ar ya zo. Malam Alasan, wani abu na damuna tun damina. Ranar da Baba ya ɗauko keken nan daga lambu na gamu da shi a hanya, kuma wallahi kamar a ƙasa na ga sirdin. Na ce ko idona ne. To amma in a ƙasa yake tun can, wa ya sauke shi? Kai da ya biya ta wurinka, ƙaƙa ka gan shi?"

Ba da mugunta ya yi tambayar ba, amma akwai mutum biyu a wurin da na ga sun ɗago kai, kuma na san kafin magariba maganar za ta zaga unguwa, kafin Juma'a ta isa inda ba ta dawowa. Baba Grema bai motsa ba, idanunsa kawai ya juyo gare ni.

Na ce, "Idonka ne, Malam. A sama ya zo mani, a sama ya tahi."

"To kai da ake cewa ba ka sakin keke sai ya yi daidai da mai shi, mi ya sa ka bar tsoho ya tahi a kan wannan?"

Nan ne wurin. In na yi inda-inda, ya koma kan tambayarsa ta farko. Sai in ba shi abin da ya fi ta daɗin taunawa.

"Ya ce in sauke. Ranar aiki ya yi mani yawa, notin kuma ya ci tsatsa, na ji ƙyuya. Na ce mashi shi bar shi haka, ba komi, zai saba."

Wani ya yi salati. Wani ya ja tsaki. Alkali ya riƙe baki yana girgiza kai, na ga tambayar ta fita daga ransa, sabon labari ya shiga. Ya Kaltum ta taso daga bakin ƙofa ta tsaya a kaina, doguwar mace, sai da na ɗaga kai kafin in ga fuskarta.

"Kai ka ce mashi ba komi?"

"Ni na ce."

Ta duƙa ta ɗauke kwanon ruwan daga gabana.

"An ɗauke mani ɗa da bindiga, kai kuma ka karya mani miji da ƙyuya. Allah ya isa tsakanina da kai."

Na miƙe ina neman hanyar fita tsakanin ƙafafun mutane, ba wanda ya matsa mini. Na kai bakin ƙofa sai na ji muryar tsohon, a shaƙe, da ƙyar take fita.

"Ku bar shi. Malam Alasan, na yahe maka. Duniya da lahira."

Bukkar ta ɗauka da Allah sarki, ana cewa ka ji mutumin kirki, yana kwance a karye yana yafe wa wanda ya karya shi. Na juyo muka haɗa ido. Wannan ce kaɗai hanyar da ta rage masa ta yi mini godiya a gaban mutane, kuma na gane.

Na ce, "Na gode, Baba."

Bai ƙara tashi ba, ya rasu kafin a gama tsinkar tattasai. Filin yana hannun Ya Kaltum har yanzu, maƙwabta na taya ta nomawa saboda tausayi. In ta hango ni a hanya takan tofar da yawu ta tsallaka ɗaya gefen, ni kuma in sunkuyar da kai in ba ta wuri.